Girka da Babban Baƙi

Goggo ta rasu ranar Talata da hantsi a gidanta na Gawon Nama, bayan ta sha kununta ta ce a buɗe mata taga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar kuma tsakar gidan ta cika maƙil da mata, har wasu suka zauna a kan turmi, wasu a bakin rijiya. Ni aka ɗora wa tarbar masu gaisuwa, don Allah bai ba Goggo haihuwa ba, mu 'ya'yan ƙanenta mu ne 'ya'yanta. Na ɗaura ɗamarar kuka na kwana uku. Abin da ban shirya masa ba shi ne dariya.

Maƙwabciyarta ce ta fara, tsohuwar da ke tuyar waina a ƙofar gida tun ina yarinya. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta dubi matan da ke zaune, ta ce, "To yau wa ka kiranmu masu mutuwa?"

Sai wata daga can kusa da madafa ta kwaikwayi muryar Goggo, mai ɗan kaushi: "Masu mutuwa, ku taso ku ci tuwo tun da sauran zahi!" Tsakar gida ta ɗauki dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Wata abokiyar aikina da ta biyo ni daga unguwarmu ta Arkilla ta matso ta raɗa mini, "Lafiya kuwa? A gidan rasuwa?" Na ce mata ta yi haƙuri, ba ta san wadda aka rasa ba ne. Kafin in rufe baki wata mata ta ce, "Allah Shi jiƙan uwar labarun Girka," kuma da ta zo kan kalmar Girka sai ta ɗaga ƙaramin yatsanta sama. Mata wajen goma suka ɗaga nasu tare da ita, abokiyar tawa ta ƙara zare ido.

Ina dariya, amma hankalina na ƙarƙashin gadon Goggo. Can akwai wani akwatin ƙarfe kore, cike da takardun da ta buga da hannunta, labarun mutanen Girka na zamanin da, waɗanda ta mayar da Hausa shekara da shekaru. Mako ɗaya kafin rasuwarta ta kira ni da mai waina ta ce mu zama shaida: akwatin nan Baba za a kai wa, tare da wani ɗan buhun gero da ke jingine bayan ƙofa. Baba shi ne mahaifina, ƙanenta da ta goya. Shi ne kuma mutumin da ya rantse a gabana, shekara talatin da suka wuce, cewa duk ranar da takardun nan suka shiga hannunsa wuta za su ci. Wanda ya san Baba ya san bai taɓa yin rantsuwa ya bar ta a ƙasa ba.

Gidanmu gidan malamai ne a cikin gari. Goggo ta sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsu kafin a sa ta boko, kuma har ta bar duniya ba ka jan aya a karkace kusa da ita ta ƙyale ka. Mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, sai ta koyi buga tafireta, ta sami aiki a jami'ar nan da ke gefen Kwalkwalawa. A can aka haɗa ta da wani malamin adabi, mutumin kudu, mai mummunan rubutu. Sauran masu buga tafireta yatsunsu ke aiki, hankalinsu na kasuwa. Goggo kuwa karantawa take yi. Ta ce mini wata rana tana tsakiyar buga darasi a kan wani jarumi da makami ba ya kama shi ko'ina sai a dunduniya, takarda ta ƙare ba a faɗi yadda ya ƙare ba. Ta tashi ta ƙwanƙwasa ofishin malamin ta ce, "Ranka shi daɗe, sai mi yaf faru?" Mutumin ya daɗe yana kallonta. Ya ce shekararsa bakwai yana koyarwa ba ɗalibin da ya taɓa yi masa wannan tambaya. Daga ranar ya riƙa ba ta aron littattafai, ita kuma lokacin hutun rana, a bayan takardun da suka lalace, ta riƙa buga labarun da Hausarta.

Sunayen Girkawa ba ta wahalar da bakinta a kansu. Ta raɗa wa kowa nasa. Akwai Dunduniya, akwai Na-kan-hanya wanda ya tafi yaƙi ya shekara ashirin bai iso gida ba, da matarsa Masaƙiya. Akwai wani da aka yanke wa hukuncin tura dutse kan tudu, in ya kusa kaiwa dutsen ya gangaro. Shi ba ta ba shi suna ba, sai ta ce, "Wanga ɗan'uwanmu na, wanke-wanke aka ba shi." Waɗanda Girkawa suka ɗauka abin bauta kuwa, 'yan bisa dutse take ce musu, domin an ce a kan wani dogon dutse suke zaune. Babbansu Mai Aradu.

Da rana tsaka take ba mu labarin, muna tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa. Muka ce mata ai an hana tatsuniya da rana. Ta ce dokar ta tatsuniyar gida ce, ba ta ƙetare teku ba, kuma ita da dare barci take yi kamar kowane ma'aikaci.

Rigimar ta taso ne daga kalma ɗaya. Duk Bahaushe ya san girka, wadda masu bori ke yi wa mutum in za su shigar da shi. To mai waina, a lokacin sabuwar tarewa ce a unguwar, ta ga kullum yara da matan aure suna ɗuruwa gidan wata bazawara mai zuwa aiki da jaka. Ta tambayi ɗaya daga cikin matan me ake yi a ciki, aka ce mata, "Goggo ka yi muna na Girka." Ta kasa kunne ta katanga, ta ji ana cewa Mai Aradu ya sauko, Uwar Hatsi ta yi fushi ta hana damina. Baiwar Allah ba ta tsaya juye wainar da ke kan tanda ba, ta ɗauki mayafi sai cikin gari.

Ranar Alhamis ce, ba karatu. Ina zaune da faifan zogale a cinya sai ga Baba ya faɗo gidan ko sallamar kirki babu, rawaninsa rabi a naɗe rabi yana jan ƙasa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ban kuma sake gani ba. Ya dubi nan, ya dubi can, har ya leƙa bayan randa. Daga baya muka gane garaya yake nema da baƙin bunsuru.

"Yaya," ya ce, "ɗiyar malam guda, girka kika yi cikin garin ga?"

Goggo ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Wace girka?"

"An hwaɗa mani komi. Har sunayen iskokin an hwaɗa mani."

Ta dube shi, ta dubi mai waina da ke laɓe a bakin zaure, sai ta kwashe da wata irin dariya har ta riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta shiga ɗaki ta jawo akwatin, ta ciro takarda guda ta miƙa masa. "Malam, diba nan. Tawa Girka da babban baƙi take. Ƙasa ta, can bayan Masar, ana zuwa a dawo." Ta ɗaga ƙaramin yatsanta, wanda take danne maɓallin tafireta da shi in za ta buga babban baƙi. "Laihin kunne na, shi ba ya jin babban baƙi."

Daga ranar, duk lokacin da za ta ce Girka sai ta ɗaga yatsan, mu ma muka ɗauka, har abin ya zama gaisuwar 'yan gidan.

Na so a ce a nan maganar ta ƙare, kowa ya yi dariya ya tafi. Ba haka aka yi ba. Baba ya ji kunya a gaban mata da yara, kuma malami in ya ji kunya sai ya nemi hujja. Ya tsaya ya karanta takardar a hankali, don boko ba ta zauna masa sosai ba, shi mutumin ajami ne. Ya ɗago ya ce to ba bori ba ne, amma abin da ya gani ya fi bori muni, tunda ko ba a rubuta ba, ya gane mutanen nan alloli suke kiran 'yan bisa dutsen.

"Su sunka ce, ba ni ba," in ji Goggo. "Bincike akwatin ga dut, in ka ishe inda nib buga kalmag ga, ni da kaina za ni ƙyasta ashana. Ka taɓa jin Ubangiji da gardama bisa rabon nama? Waɗanga 'yan gidan haya na, hwaɗansu bai ƙarewa."

"Ƙarya ta, Yaya. Ƙarya kika cusa ma ɗiya."

"Awo, ƙarya ta. Na hwaɗa musu tun ran hwarko. Tambaye su."

Muka gyaɗa kai gaba ɗaya, don gaskiya ne. Goggo ba ta fara labari sai ta ce, "Ga ƙaryar Girkawa nan, ku riƙe abin da kunka ga shina da amfani, ku zubar da saura." Amma Baba ya riga ya hau. Ya nuna akwatin da yatsa ya ce, "Wallahi, ran da takardun ga sunka shigo hannuna, wuta za su ci." Ya kama hannuna muka fita, zogalen ya watse a ƙasa. Na yi kuka tun daga Gawon Nama har gida, kuma na ji haushinsa ƙwarai, haushin da sai da na girma na daina ji.

Ya hana mu zuwa gidanta shekara guda cur. Mahaifiyarmu kuwa a shekarar nan ta zama mai yawan mantuwa: kullum ta manta wani abu a gidan Goggo, ludayi ko rariya, sai an aike mu ɗaukowa, kuma ba a taɓa tambayarmu dalilin daɗewa ba. Shi kansa Baba bai fasa zuwa gaishe ta kowace Juma'a bayan an sauko ba. Zai durƙusa ya gaishe ta yadda ƙane ke gaida yayarsa, ta ba shi fura a kwanon da ba mai sha a ciki sai shi. In ya tashi tafiya sai ya ce, "Yaya, akwatin na nan?" Ta ce, "Shina nan, Malam, shina gaishe ka." Shekara talatin suna wannan, ba wanda ya janye, ba kuma wanda ya fasa fura.

Mai waina fa? Ta yi mako biyu ba ta iya haɗa ido da kowa. Goggo ce ta fita da kanta ta jawo ta, ta shimfiɗa mata tabarma a gaba ta ce, "Zamna nan kusa, tunda ta katanga ba ki ji daidai." A zaman makokin nan tsohuwar ta ba mu wani labari da ni kaina ban sani ba. Akwai shekarar da mijinta ya tafi ci-rani kudu, damina ta zo ta wuce bai dawo ba, ba saƙo ba labari, dangi har sun fara yi mata maganar zuwa wurin alƙali. A daidai lokacin Goggo ta ɗauko labarin Masaƙiya, wadda manema suka cika mata gida, ta ce su jira ta gama saƙar da ke hannunta, kullum ta saƙa kuma ta warware a ɓoye.

"Labarin da taka gamawa cikin kwana ukku," in ji mai waina, "sai da taj ja shi wata bakwai. Kullum Na-kan-hanya ya kusa gida sai ta tada mai iska. Tsibirin da babu shi cikin takarda ma sai da ta ƙaga. Nic ce mata, Goggo, yaushe bawan Allah ga za shi iso? Tac ce, ran da naki ya iso." Ta gyara zama. "Ran da maigidana yas sauka mota da ɗan ƙunshinai, washegari Na-kan-hanya ya shiga gida. Ta riƙe mutum bisa teku wata bakwai sabadda ni, ni da nik kai ƙararta."

Nan kam ba wanda ya yi dariya sai da aka jima.

Maganar masu mutuwa ma daga tafireta ta samo ta. Ta ce akwai wata kalma da take ta bugawa a darussan malamin nan, da ta tambaya sai aka ce mata haka Girkawa ke kiran 'yan Adam, masu mutuwa, don a bambanta su da 'yan bisa dutse. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Ta ce duk ƙaryar da ke cikin littattafan, a nan sun faɗi gaskiya tsantsa, kuma ba sunan da ya dace da mu kamarsa. Kowa haka take kiransa. Wani babban ma'aikaci ya taɓa zuwa da mota da direba neman auren wata 'yar ɗakinta ga ɗansa, ta tarbe shi da "Maraba da mai mutuwa." Mutumin ya yi turus, ya taɓa hularsa. Ta ce, "Ko an ɗauke maka?" Shi ma ya zo gaisuwa, kansa ya yi fari fat, ya aiko a faɗa mana cewa tun daga ranar bai sake shiga gidan mutane da girman kai ba.

Ra'ayinta shi ne 'yan bisa dutse ba su da hankali saboda an ce ba sa mutuwa. Wanda ba shi da ranar tafiya, in ji ta, me zai sa ya nemi gafarar wani yau? Shi ya sa a bakinta su ne abin dariya, masu gulma da son a yabe su, mutane kuwa su ne manya: uwa mai jiran ɗa, tsoho mai bin gawar ɗansa har sansanin abokan gaba. Wanda ba ya mutuwa ɗaya ne, ta kan ce, kuma ba a kan dutse Yake ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, masu dubiya suka riƙa cewa Allah Ya ƙara nisan kwana. Ta amsa da amin na kwana biyu, a na uku ta gaji. Ta ba su labarin wani kyakkyawan saurayi da wata 'yar bisa dutse ta so, ta roƙa masa kada ya mutu, ta manta ba ta roƙa masa kada ya tsufa ba. Ya yi ta tsufa yana ƙanƙancewa, har ya koma gyare, yana ta ƙara a lungun ɗaki ba mai sauraro. "Don Allah ku dinga cika addu'a," ta ce. "Kak ku maishe ni gyare. Ku roƙa mani cikawa da imani, shi ad da amfani." Likitan da ke auna ta sai da ya ajiye abin awonsa ya yi dariya.

Ranar addu'ar uku, bayan an watse, na sa aka ɗora akwatin da ɗan buhun geron a keke muka nufi cikin gari. Ba zan ɓoye ba, a hanya sau biyu na buɗe baki zan ce wa mai keken ya juya Arkilla. Wa zai sani? Sai in tuna mai waina shaida ce, in kuma tuna wasiyya ba abin wasa ba ce. Na ji haushin Goggo a ranar. Ta san rantsuwar, tana wurin aka yi ta, ga ni nan da na haddace rabin labarun, ta tsallake ni ta miƙa wa mai ashana.

Baba na zaure cikin littattafansa. Ya dubi akwatin ya kau da kai. Ya dubi buhun ya ce, "Wanga fa?" Na ce tare ta ce a kawo, ban san dalili ba. Ya ce a ajiye, in tafi.

Kwana huɗu ina kiran mahaifiyarmu a waya safe da yamma ina tambaya ko ta ga hayaƙi. Ta ce ba hayaƙi, amma ya aika an sayo masa ashana, kuma ya karɓi mudunta na awo bai dawo da shi ba. A makarantar da nake koyarwa na shiga aji na rubuta darasin jiya a allo, sai da ɗalibai suka tuna mini.

Ranar bakwai bayan la'asar ya aiko in zo. Na same shi a tsakar gida kan buzunsa, akwatin a buɗe a gabansa, kwalin ashana a gefe. Ya rame a 'yan kwanakin. Ya miƙo mini takardu uku da aka haɗa da allura, ya ce su ne a sama, idonsa ya gaji da ƙananan baƙaƙen, in karanta masa. A saman shafin farko Goggo ta buga: Na ƙanena.

Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne, uwa ɗaya. Ɗaya an ce jinin 'yan bisa dutse ne, ba ya mutuwa, ɗayan kuwa mutum ne kamar kowa. Tare suka tashi, tare suke fita, kullum suna gardama, ba a taɓa ganin ɗaya ba ɗaya ba. Ranar da aka kashe mai mutuwar, ɗan'uwansa ya hau dutse ya ce wa Mai Aradu ba ya son rayuwar da aka ba shi, a karɓe. Aka ce ba a karɓa. Ya ce to a raba ta biyu, a ba ɗan'uwansa rabi. Aka raba: yini ɗaya su biyun suna ƙarƙashin ƙasa, yini ɗaya su biyun suna sama. Ban taɓa jin wannan a bakin Goggo ba. Ashe ajiye shi ta yi.

Na gama karatun. Kaji na ta tonon ƙasa kusa da mu. Baba ya ce, "Ƙarya ta. Ba a rabon ajali, ko na ƙiftawar ido." Na ce haka ne, Baba. Ya sa bakin rawani ya goge fuska, ya daɗe bai sauke ba. "Amma wanda yaƙ ƙaga ƙaryag ga ya taɓa rasa ɗan'uwa. Wanga kam ya sani."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Na sunkuyar da kai, ina satar kallon kwalin ashana.

"Kin san mi ac cikin buhun can?" ya ce.

"Gero, Baba."

"Mudu goma na cif. Na auna sau biyu." Sai na ga kafaɗunsa na motsi, na ɗauka kukan ne, ashe dariya ce. "Kaffarar rantsuwa, ciyar da miskinai goma. Ni nik karantar da ita babin, ta zo ta zamna bayan ɗalibai tana tambaya kamar ba ta sani ba. Ta aiko mani da akwati, ta aiko da ƙohwar hita. Kuma ta ce a ba ni, ya zama nawa, don ta san ba a kaffara da kayan wani. Yaya ke nan. Ta kada ni tana kwance cikin kabari."

Muka yi dariya har mahaifiyarmu ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya ce ya bincike akwatin takarda bayan takarda, kwana huɗu, da gilashin ƙara girma, yana neman kalmar nan da ta ce in ya samu ita za ta ƙyasta ashana. Babu ita ko sau ɗaya. Ya ce a raba geron gobe, a kuma gaya wa mai waina ta toya ta mutum goma a ɗora a kai, tunda ita ta haɗa wannan aiki. Ashanar kuwa ya tura wa mahaifiyarmu ya ce ta kai madafa.

Sannan ya ce in ba shi farar takarda da alƙalamin boko. Akwati irin wannan, in ji shi, sai an rubuta abin da ke ciki, kada wani mai kunne irin na mai waina ya zo bayanmu ya yi ɓarna. Na ce ya rubuta da ajami mana, ya fi masa sauƙi. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Ajami ba shi da babban baƙi," ya ce.

Baba, wanda ko sa hannu a takardar asibiti da ajami yake yi, ya duƙa yana zana baƙaƙen boko ɗaya bayan ɗaya, harshensa a ɗan waje kamar ɗan aji ɗaya. Ya rubuta: Labarun Girka, na Yaya. Baƙin farko na Girka ya yi shi ƙato, ya kusa cinye rabin takardar. Ya liƙa a murfin, ya tura mini akwatin da hannu biyu.

"Ɗauki ki tahi da shi, mai mutuwa," ya ce. "Ki karanta ma jikokina. Ki hwara da ce musu ƙarya ta, yadda taka yi."

Akwatin yana ɗakina a Arkilla yanzu, kuma ranar Asabar da rana ba a samun wurin zama a tsakar gidana. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da iyayenta a gidan da ba a rabuwa. Mu da muka saura, masu mutuwa, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, sai ga Baba a ƙofata, shi da bai saba zuwa gidan 'ya'ya ba. Na dama masa fura a kwanon nan nasa da na ɗauko daga Gawon Nama. Ya sha, ya tashi zai tafi. A bakin ƙofa ya tsaya ya juyo.

"Akwatin na nan?"

Na ce, "Shina nan, Baba, shina gaishe ka."

Ya ɗaga ƙaramin yatsansa sama, ya fita.